Wa Ya Taɓa Mini Agogo?

Ku matso kusa, 'yan uwa, yau da zafinsa na zo muku. Wadda ta ɗora tukunya ta rage wuta tun yanzu, kada girki ya kama a ce ni ce.

Waɗanda yau suka fara leƙo mu, bari in kama muku hannu. Ni ce auta a gidanmu, na doshi talatin, ban yi aure ba. A cikin wadirob ɗina, ƙarƙashin dogayen riguna, kusa da kwalin takalman da ban taɓa sawa ba, akwai wata 'yar baƙar kwamfuta da ba ta barci, kullum tana ɗan gurnani kamar mage. Goggo, yayar Baba, ta raɗa mata suna Angon Ƙarfe. Duk ranar da ta zo sai ta buɗe wadirob ɗin ta ɗan rusuna.

"Barka da hutawa, ango. Yau ma ba a fita nema ba?"

Sannan ta juyo kaina. "Ke dai kin more miji. Ba ya faɗa, ba ya yawo, sai shan wuta."

Aikin Angon ba wuyar ganewa. Akwai mutane a duniyar nan da in suka rubuta gaskiya a intanet, ko suka karanta ta, sai a bi sawunsu har ƙofar gida. To masu sa kai suka haɗa wata hanya: saƙo ba ya tafiya kai tsaye, sai ya yada zango wuri uku, kuma ba zangon da ya san duka biyun, wato mai aikowa da inda saƙon za shi. Kwamfutata zango ce guda a ciki. Ban san masu wucewa ba, ba su san ni ba. Da rana ina ofis ina lallashin kwamfutocin mutane, wannan kuwa don Allah nake yi.

Shi kuma na gaskiyar, mai jini a jika, Mai Tsani muke ce masa, don ranar da ya fara shigowa gidanmu tsani ne a kafaɗarsa, ya zo ja mana wayar intanet. Dogo ne siriri, in ya yi murmushi sai ki rantse haƙuri yake ba ki. A yini guda ya gama aikin, amma wayar nan ta dinga buƙatar dubiya duk mako, har Mama ta fara zuba abinci da shi. Aibinsa ɗaya ne: bakinsa bai san a'a ba. Mama ta sa shi gyaran dutsen guga, ya ce to. Ta sa shi rataye labule, ya ce to. Goggo ta taɓa jan sa kasuwa ya riƙe mata jaka, ya ce to, har da godiya.

Shi kaɗai na zaunar na gaya wa ainihin aikin Angon. Kuma ni da shi ne kawai muka san lambar sirrin akwatin waifai ɗin da ke kan kabad a falo.

Farkon makon nan Baba ya kira ni. Yana kan kujerarsa, tabarau a kan hanci.

"Uwata, manyan yaron nan suna so su zo. Ba zan ce musu bismillah ba sai na ji daga bakinki. Zuwa Asabar ki ba ni amsa."

Na sunkuyar da kai ina wasa da bakin mayafi kamar wata mai dogon nazari. Ƙarya nake, jama'a. Amsar tana bakina tun bara. Har na fitar da koren leshin da zan sa ranar, na kai wa mai guga.

Washegari da safe, hular barci a kaina, kofin shayi a hannu, na leƙa rahoton da Angon ke rubutawa, kamar yadda na saba kafin in yi wanka. Sai na ga layi ɗaya yana ta maimaita kansa har ƙasa: gargaɗi, agogonmu ya yi gaba da na sauran zanguna da fiye da awa guda, ko dai namu ne ya karkace ko nasu.

Kada ku ce don agogo kawai. A wannan hanya lokaci shi ne shaida. Kowane zango yana riƙe da izini mai wa'adi, ana sabunta shi a kai a kai. In agogonka ya yi gaba, kai kana ganin izinin kowa ya mutu, su kuma suna ganin naka daga gobe ya taho. Sai a fara kauce maka. Zanen da ke nuna yawan masu wucewa, wanda kullum yake tashi kamar tudu, ya kwanta sharaf. Na san akwai wasu zangunan, mutane ba za su rasa hanya ba. Amma nawa ne ya rufe ƙofa, kuma ban san wa ya rufe ba.

Na gwada da wayata, tabbas namu ne ya yi gaba. Na fara zargin ko na saita wa kwamfutar lokacin wata ƙasa ne. Amma ratar ba cikakkiyar awa ba ce, akwai 'yan mintoci a kai kamar gyara, kuma ba ƙasar da ke da irin wannan lokacin. Na gyara da hannu, na tafi ofis. Ina dawowa na tarar ta koma gidan jiya.

Na ɗauki waya na tura wa Mai Tsani saƙo.

Ni: Agogon Angon ya yi gaba. Na gyara ya koma.

Shi: Subhanallahi. Da nawa?

Na faɗa masa. Na ga alamar yana rubutu. Ya tsaya. Ya sake farawa. Ya sake tsayawa. Na cire 'yan kunne, na goge hoda, na ninke mayafi, bawan Allah yana nan yana rubutu.

Shi: Injiniya, ki ba shi zuwa Alhamis mana. Wataƙila ya gyaru da kansa.

Ku ji fa. Mutumin da in fitila ta yi ƙyafta ido sai ya ɗauko sukundireba, shi ne yau yake ce mini na'ura za ta warke da kanta kamar mura. Abin ya ɗan tsaya mini a rai, amma na ce wa kaina ke dai kin cika zargi.

Ranar Laraba na kwance cikin Angon a kan gado, na shimfiɗa tsohon ɗankwali don kada sukurori su ɓace. Akwai wani ɗan batir a ciki mai faɗin maɓallin riga, shi ke riƙe lokaci in an ɗauke wuta. Na san in shi ne ya mutu baya agogo yake komawa, ba gaba ba, amma na sauya shi don in cire rai. Goggo ta shigo ta same ni.

"Innalillahi! Tun kafin sabon ya shigo har kin fara feɗe tsohon?"

"Goggo, don Allah."

"Ni dai Asabar nake jira. In kika saki dogon nan, wa zai dinga riƙe mini jaka?"

Na mayar da komai, na kunna. Gargaɗin ya dawo yana kallona.

Alhamis Mama na da ganin likitan hawan jini, kuma nan sai na ɗan kai ku cikin sirrin gidanmu. Mama ba ta taɓa zuwa ko'ina a kan lokaci ba. In ta ce ta shirya, to yanzu za ta fara zaɓen mayafi, a gwada ruwan toka a ajiye, a gwada mai duwatsu a ce ya yi nauyi. Baba kuwa tsohon direba ne, makara a wurinsa kamar zagi ce. Bai iya yi mata faɗa ba, sai ya koma tura agogunan gidan gaba. Mama ta gane, ta fara ragewa a ka. Ya ƙara. Ta ƙara ragi. Shekara da shekaru ana wannan yaƙin ba wanda ya taɓa ambatarsa. Har wayarta bai bari ba. Mu 'ya'ya mun daɗe da daina kallon bango in muna son sanin lokaci.

Kwanan baya Mai Tsani ya kawo wa Mama kyautar agogon bango mai jajayen lambobi, irin wanda ba ya da maɓalli, daga waifai yake ɗaukar lokacinsa. Mama ta yi ta murna. Ta ce, "Yauwa! Wannan dai ubanku bai isa ba." Agogon nan kaɗai ta yarda da shi a gidan.

To ranar Alhamis ɗin Mama ta dawo daga asibiti tana mita.

"Wai ni ce yau na riga masu shara zuwa! Na zauna har ƙafata ta yi tsami. Ga ladanin nan ma kwana biyu ya fara makara, ban san me ke damun mutane ba."

Baba ya ɓoye fuska a bayan jarida. Ni kuwa hankalina na cikin wadirob, ko a jikina.

Alhamis ta wuce, Angon bai warke ba.

Ranar Juma'a bayan na taso aiki na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Kwamfuta ba ta ƙirƙirar lokaci, tambaya take yi, tana gyara nata da abin da aka gaya mata. Na tambaye ta, ke wa yake gaya miki? Na zaci zan ga sunan wani babban agogo a can waje. Sai ta nuna mini adireshin cikin gida. Akwatin waifai ɗinmu. Ashe tun ranar da na haɗa ta, akwatin ya ce mata ni za ki dinga tambaya, ta ce to, ni kuma ban lura ba.

Na shiga cikin akwatin da lambar sirri. Wurin da ke cewa ya ɗauki lokaci da kansa an kashe shi. An rubuta lokaci da hannu.

Hannun mutum ne. Kuma hannu biyu ne kawai a duniya suka san hanyar wurin.

Na zauna a bakin gado. A cikin masu irin aikina an san akwai masu karkatar da agogon zango da gangan don su ruɗa shi. Na fara tuno tambayoyinsa, yadda yake tsugunawa gaban wadirob yana cewa wannan fitilar ta mece ce, waccan fa? Da ina jin daɗi, ina cewa ya damu da abin da na damu da shi. Yanzu kowace tambaya ta juyo tana harara ta. Wa ya aiko shi? Tsanin nan, ni ya zo hawa ko me?

Ban taɓa akwatin ba, na bar shi yadda yake don shaida. Kwamfutar kawai na raba da shi, na ba ta manyan agoguna na waje da dama, ta dinga tambayar su duka tana bin abin da suka haɗu a kai. Kafin in gama kuka gargaɗin ya tsaya. Na'ura ta warke. Ni ce ban warke ba.

Ni: Gobe ka zo da la'asar. Kafin in ga Baba.

Shi: To.

To ɗin nan ta ƙona mini rai fiye da komai.

Ranar Asabar koren leshin yana kan gado a cikin ledarsa, ban ko kalle shi ba. Na zura wata tsohuwar doguwar riga ruwan ƙasa, ba kwalli ba turare. Shi kuwa ya zo cikin farar riga mai karin guga, ya yi aski, sai ƙamshi yake. Mama ta ajiye masa lemo mai sanyi a kan tebur ta koma kicin. Baba yana ɗakinsa, ƙofa a sakaye.

Ban bari ya gama gaisuwa ba.

"Kai ka taɓa lokacin akwatin nan?"

Ya kalli takalminsa. "Ni ne."

"Ka san shi ya kwantar mini da zango?"

"Lokacin da na yi ban sani ba, wallahi. Sai da kika turo saƙo na gane."

"Ka gane, ka yi shiru. Ka bar ni ina kwance na'ura kamar mahaukaciya. Wa ya sa ka?"

"Injiniya..."

"Kada ka injiniyance ni. Wa ya sa ka?"

"Na yi alkawari ba zan faɗa ba."

"To ka zaɓa. Ko ka faɗa, ko in shiga wancan ɗakin in ce wa Baba a'a."

Jama'a, idonsa ya kaɗa ya yi ja. Ya ɗora hannuwa a gwiwa.

"Ba mugun abu ba ne, na rantse miki. Amma amana aka ba ni. Ko me za ki ce, ba zan faɗa ba."

Na ɗaga kai sama don kada hawaye ya zubo a gabansa. Idona ya sauka a kan jajayen lambobin bango. Na kalli wayata. Na sake kallon bango. Ratar nan ce, har da 'yan mintocin gyaran.

Kafin in buɗe baki ƙofar Baba ta yi ƙara. Ya fito ba hula, silifas ɗinsa a juye.

"Uwata, ki bar yaron nan. Ni ne."

Ya zauna a hannun kujera kamar baƙo. Ya ce sau biyu Mama tana rasa layin likita saboda makara, na ƙarshe likitan ya kira shi gefe ya gaya masa maganar da ta hana shi cin abinci. Ga sabon agogo ya zo ya lalata masa dabara. Sai ya tare Mai Tsani a bakin ƙofa ya ce ya tura masa shi gaba. Yaro ya ce ba ya da maɓalli, sai dai a taɓa akwatin. Baba ya ce a taɓa, kuma kada kowa ya ji.

"Bayan asibitin ya zo zai mayar, na ce ya bari tukuna, tunda yana aiki. Ban san abin zai shiga ɗakinki ba." Ya share gefen ido da babban yatsa. "Ni dai ba na so in rasa uwarku saboda mayafi."

Ya tashi ya koma ɗaki da sauri, don Baba ba ya son a ga fuskarsa a irin wannan hali. Ya ja ƙofa.

Raina ya rabu biyu. Ga mutumin da ya yarda ya rasa ni don kada ya tona asirin tsoho. Ni da nake kwana da tashi a kan rufa wa baƙi asiri, ina zan kai wannan? Amma kuma ga mutumin da ya ga ina wahala ya kasa cewa Baba a'a, ya kasa ce mini ga inda za ki duba. Yau agogo ne. Gobe in wani mai furfura ya dafa kafaɗarsa ya ce buɗe mini wadirob ɗin matarka fa?

Na gaya masa haka, ban rage komai ba.

"Riƙon amanarka na gani, kuma ya shiga raina. Amma ina tsoron to ɗinka. Akwai mutanen da ban san sunansu ba da suka dogara da ƙofar nan. Ba zan iya zama da wanda kowa zai iya juyawa ba. Ban taɓa jin ka ce a'a ba sai yau, shi ma ni ka ce wa."

Ya buɗe baki ke nan sai ga Mama a ƙofar kicin, ludayi a hannu. Tun yaushe take tsaye, Allah kaɗai ya sani. Idonta ya yi ja, ta ce albasa ce. Ba albasa a girkin ranar.

Ta zo ta tsaya a kansa, ta rage murya don kada Baba ya ji.

"Ashe kai ne mai juya rana a gidan nan. Kai ka zaunar da ni a asibiti da masu shara."

"Ki yi haƙuri, Mama."

"Haƙuri ɗaya ne. Gobe da safe uban nan nata yana da taron tsofaffin direbobi, shi ne mai buɗewa. Ka mayar mini da agogon nan baya, yadda ka tura shi gaba. Wayarsa ni zan ji da ita. Shi ma ya ɗanɗana shiga taro ana kallonsa. Yi yanzu, ina tsaye."

Na kalli Mama. Da gaske take ko gwaji ne, fuskarta ba ta gaya mini ba. Na kalle shi. Gumi ya tsattsafo masa a goshi, ya gangaro ta gefen sabon askin. Hannunsa har ya tafi aljihu inda wayarsa take, don jiki ya saba. Leɓensa ya tattaru, na ga to ɗin tana tahowa.

Sai ya zare hannun, ya zame daga kujera ya durƙusa.

"A'a, Mama."

"Me ka ce?"

"A'a." Ya ɗago kai ya kalle ta. "Zan mayar da shi daidai, kuma daga yau gaskiya zai dinga faɗa. Ko Baba ne ya sake cewa, a'a. Ki yafe mini."

Mama ta miƙa hannu ta ɗauke lemon da ta ajiye masa.

"Tunda ka iya a'a, wannan ma ka ce masa a'a." Ta juyo kaina. "Ke kuma uban me kike wa murmushi?"

Ban san ina yi ba, wallahi. Na miƙe da tsohuwar rigata ruwan ƙasa, ba kwalli ba turare, na je na ƙwanƙwasa ƙofar Baba.

"Baba, na kawo amsa. Ka ce musu su zo."

A bayana na ji Mai Tsani ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ya yunƙura zai tashi. Sai na ji ƙarar ludayi a kan tebur.

"Ina za ka? Koma ka durƙusa. Ita ta gama da kai. Ni yanzu na fara."